Yadda Ake Kare Transista Daga Harbin Wuta a Da'irar Kunnawa da Kashewa

A shagunan gyaran kayan lantarki na Legas, tun daga kewayen kasuwar Alaba da ke Ojo har zuwa lungunan Agege da Idi-Araba inda matasanmu da dama ke koyon sana'a, akwai aikin da yake yawan dawowa kan tebur: allon da aka sauya wa transista, wato ƙaramin makunnin lantarki mai ƙafa uku, makon jiya, yau an sake kawo shi ya ƙone a daidai wurin da aka gyara. Galibi allon na'urar sauya layi ne tsakanin wutar NEPA da janareta, ko na kunna famfon rijiyar burtsatse, ko na fankar inbata, ko na makullin ƙofa mai aiki da lantarki. Sai a ɗora laifin kan jabun kaya. Jabun suna nan a kasuwa, babu musu, amma sau da yawa transistar da ta mutu ta gaskiya ce, kuma abin da ya kashe ta wani harbin wuta ne wanda bai kai ƙiftawar ido ba, wanda mitar hannu ba ta iya nuna shi.

Tushen matsalar yana cikin koyil. Rile da kontakta, wato makunnan da maganaɗisu ke motsawa, da solenoyid, motar fanka da taransifoma duk waya ce da aka nannaɗe, kuma duk lokacin da wuta ke ratsa irin wannan waya, tana tara ƙarfi a cikin maganaɗisun da ya kewaye ta. Idan transista ta yanke wutar farat ɗaya, wannan ƙarfi ba ya ɓacewa. Koyil zai ɗaga ƙarfin wutar da ke bakinsa zuwa duk matsayin da zai ba shi damar ci gaba da tura ta. Wanda ya taɓa rufe famfo da sauri a gidan da tankin ruwa yake saman bene ya ji yadda bututu ke bugawa, kuma abin da ke faruwa a nan ke nan. Lissafinsa shi ne V = L × (sauyin wuta ÷ lokacin da sauyin ya ɗauka), inda V yake ƙarfin harbin, L kuma girman koyil a ma'aunin H. A ɗauka koyil mai 0.1H yana jan 30mA, aka yanke shi cikin 10µs: sakamakon zai kai 300V, alhali batirin da ke ciyar da da'irar 12V ne kacal. Transistar BC547, wadda ta cika allunan da muke gyarawa, iyakarta tsakanin kolekta da emita, ƙafafu biyun da wutar koyil ke ratsawa, 45V ne. Wani lokaci takan mutu a harbin farko, wani lokaci kuma takan jure makonni tana raunana kafin ta haɗe.

Mataki na farko: gano inda harbin yake fitowa da lambobi uku

Kafin a taɓa dalma, a tsaya a tambayi kai ko harbin daga cikin allon yake ko daga waje. Idan transista tana tuƙa wani abu mai koyil, kuma takan mutu ne lokacin kashewa, to daga ciki ne. Idan kuwa takan mutu ne lokacin da aka dawo da wuta, ko lokacin da aka sauya zuwa janareta, ko bayan ruwan sama mai tsawa, to ta layin shigowa yake biyowa. A Legas allo ɗaya kan sha duka biyun, saboda haka ba a tsayawa a kan magani guda.

Daga nan sai a rubuta lambobi uku a takarda. Ta farko ita ce mafi girman wutar da da'irar ke gani a aikinta na yau da kullum, ba wadda aka rubuta a jikin batir ba. Batirin 12V yakan kai 14.4V idan yana caji, kuma batiran ruwa masu tsayi da ake haɗawa da inbata sukan haura 15V a wasu matakan caji. Ta biyu ita ce iyakar transistar kamar yadda takardar bayanin kamfaninta ta nuna: 45V ga BC547 da BC337, 40V ga 2N2222A, 100V ga TIP122, 55V ga IRFZ44N da IRF3205, 100V ga IRF540N. Ta uku ita ce yawan wutar da koyil ke ja. Dukkan aikin kariya ya ta'allaƙa ne a kan ratar da ke tsakanin lamba ta farko da ta biyu. Abin da za a saka dole ya yi shiru a ƙasan lamba ta farko, kuma dole ya buɗe wa harbin hanya tun kafin ya isa lamba ta biyu.

Mataki na biyu: dayod a bakin koyil

Wannan ita ce kariyar da ta fi kowace arha, kuma rashinta ne ya fi kashe transista. Ana haɗa dayod, wanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, a gefe da gefe da koyil, ɓangaren da ke da zobe yana kallon wayar fositif, ɗaya ɓangaren kuma yana haɗe da kolekta, ko takwararta diren idan transistar irin da ake kira MOSFET ce. Lokacin da transista take kunne, dayod ɗin yana juye, babu abin da ke ratsa shi. Da zarar ta yanke, bakin koyil na ɓangaren kolekta zai yi sama, dayod ya buɗe, wutar ta riƙa zagayawa tsakaninsa da koyil har ƙarfinta ya ƙare a matsayin ɗan zafi. A da'irar 12V, kolekta ba za ta ga fiye da kusan 12.7V ba, maimakon ɗaruruwa.

A duba zoben sau biyu kafin a ba da wuta. Dayod ɗin da aka juya baibai yana zama gajeriyar hanya kai tsaye daga batir zuwa transista, kuma a kunnawar farko za a ji ƙauri.

Wajen zaɓe, ƙa'idar ita ce dayod zai ɗauki daidai wutar da koyil yake ja a lokacin da aka yanke shi. Ƙaramin rile na 12V, irin mai shuɗin akwati da ake samu a ko'ina, koyil ɗinsa kusan 400Ω ne, yana jan kusan 30mA, don haka 1N4148 ya ishe shi, kuma 1N4007 mai ɗaukar 1A da jure 1000V a juye ya fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba. Inda ake samun kuskure shi ne motar lantarki da ake rage wa gudu ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, wato PWM. A nan 1N4007 bai dace ba, domin yana jinkirin rufewa bayan ya buɗe, kuma a cikin wannan ɗan jinkiri transista ta riga ta sake kunnawa, sai wuta mai yawa ta ratsa su biyun su yi zafi. Irin wannan aiki na dayod ɗin Schottky ne, kamar 1N5819 mai 1A da 40V ko 1N5822 mai 3A da 40V, ko kuma UF4007 idan ƙarfin wutar ya wuce haka. Kuma a PWM dayod yana aiki ne a kowane zagaye, saboda haka a zaɓi wanda zai ɗauki cikakkiyar wutar motar, ba rabinta ba.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu koyo wadda ya kamata a gyara. An san cewa a cikin MOSFET akwai dayod tsakanin diren da sos, wato takwarar emita, haka ma a cikin TIP122, sai a ɗauka cewa an riga an gama kariya tun daga kamfani. Ba haka ba ne. Idan transista tana ƙasan koyil, tsakaninsa da negatif, harbin yana ɗaga diren sama ne, kuma a wannan hali dayod ɗin ciki juye yake, ba ya buɗewa sai wutar ta kai matsayin fasa shi. Wasu MOSFET an gina su su jure wannan fasawa zuwa wani gwargwado, amma dogaro da hakan a allon da zai yi shekaru yana kunnawa da kashewa ganganci ne. Inda dayod ɗin ciki yake amfani shi ne a gadar transista huɗu da ke juya mota gaba da baya. Ko a can ma a lura: cikin ƙananan na'urorin da ke zuwa da irin wannan gada, L293D yana da dayod a cikinsa, amma L298N ba shi da su, sai an saka masa guda takwas a waje idan allon bai zo da su ba. Shi kuwa ULN2003, da ake tuƙa rile da shi, yana da dayod ga kowace ƙafa daga cikin bakwai ɗinsa, sai dai ba sa aiki sai an haɗa ƙafa ta 9 da fositif ɗin da ke ciyar da rile. Ba a rasa allunan da aka bar wannan ƙafa tana lilo, mai allon yana mamakin yadda yake ƙonewa.

Sai batun inda za a dasa dayod ɗin. Idan rile yana kan allo ɗaya da transista, a manna shi a ƙafafun koyil, shi ke nan. Idan kuwa solenoyid ɗin yana can bakin ƙofar gida kuma waya mai tsawon mita goma ko ashirin ce ta haɗa su, to ita kanta wayar tana tara ƙarfi, kuma dayod ɗin da ke can nesa ba zai kare transista daga abin da wayar ta tara ba. A irin wannan hali a saka guda biyu, ɗaya a jikin solenoyid, ɗaya a kan allo tsakanin kolekta da fositif. Kuɗin dayod na biyu bai kai kuɗin motar komawa gidan mai aikin ba.

Mataki na uku: idan ana son rile ya saki da sauri

Dayod shi kaɗai yana da illa ɗaya. Tun da yake wutar tana zagayawa ne a hankali har ta ƙare, rile yakan yi jinkirin saki, bakunansa su rabu da sanyin jiki, tartsatsi ya daɗe a tsakaninsu. Idan kayan da rile ke yankewa masu nauyi ne, kamar famfo ko kwampresar firji, wannan yana cinye bakunan ko ya sa su manne. Maganin shi ne a ƙara dayod ɗin Zener, wanda ke buɗewa a juye idan wuta ta kai lambarsa, a jere da na farko. Zoben Zener ya kalli kolekta, zoben dayod ya kalli fositif, ɓangarorinsu marasa zobe su haɗu a tsakiya. Yanzu harbin zai tashi zuwa wutar batir, a tara da ta Zener, a tara da 0.7V. Da batirin da ke kan 14.4V da Zener mai 18V, kolekta za ta ga kusan 33V, wanda yake ƙasa da 45V na BC547 da rata mai kyau, kuma ƙarfin koyil zai ƙare cikin lokacin da ya fi gajarta sosai. Kada a kwafi wannan lissafi zuwa da'irar 24V da transista iri ɗaya, domin 28.8V da 18V sun riga sun wuce iyakarta.

Mataki na huɗu: tsare ƙofar shigowar wutar batir

Harbin da ke biyo layin batir yana da tushe iri-iri. Wata motar lantarki a kan layin ta tsaya, ko inbata ya sauya aiki, ko an cire kan batir alhali injin mota ko janareta yana tafiya, wanda a mota yakan sa altaneta ya watso wutar da ta haura 60V a kan layin 12V. Abin da aka yi domin wannan shi ne dayod ɗin TVS, wanda ake haɗawa tsakanin fositif da negatif a daidai bakin shigowa, zobensa yana kallon fositif. Jerin P6KE yana shanye 600W na ɗan taƙaitaccen lokaci, jerin 1.5KE kuma 1500W.

A nan ne lambobin mataki na farko suke nuna amfaninsu. P6KE18A yana zaune shiru har zuwa 15.3V, kuma yana tsayar da harbi a kusan 25V. Ya dace da da'irar 12V wadda cajinta bai wuce 14.4V ba. Idan cajin yana haura 15V, a koma P6KE20A, mai shiru har 17.1V da tsayarwa a kusan 28V. A tsarin 24V, inda caji ke kai 28.8V, P6KE36A yana shiru har 30.8V amma sai a kusan 50V yake tsayarwa, kuma idan MOSFET ɗin mai 55V ce, ratar da ta rage 5V ce kawai. Ni a irin wannan allo na fi son a sauya zuwa MOSFET mai 100V, ko da za ta ɗan fi zafi, a kan a zauna a bakin iyaka.

Fiyus dole ne ya zo kafin TVS. Idan TVS ya sha abin da ya fi ƙarfinsa yakan mutu ne a haɗe, kuma fiyus ne zai yanke kafin waya ta kama da wuta. Wannan haɗin yana da ƙarin fa'ida: idan aka juya kan batir bisa kuskure, TVS zai buɗe, fiyus ya tsinke, allon ya tsira. Amma a sani cewa TVS na harbi ne mai wucewa, ba na hauhawar da ta zauna ba. Faifan sola da ake kira na 12V yakan ba da sama da 20V idan babu abin da ke jan sa, kuma idan batir ya cire aka bar shi yana ciyar da allo kai tsaye, TVS zai ƙone cikin ɗan lokaci. A gefen TVS a saka kapasita mai 470µF ko 1000µF, da ƙarama mai 100nF kusa da ƙafafun transista.

Mataki na biyar: ƙafar umarni

Get ɗin MOSFET, wato ƙafar da ake ba ta umarni, siririn rufi ne ya raba shi da sauran jikinta, kuma a IRFZ44N da IRF3205 ba ya jure fiye da 20V tsakaninsa da sos. Abubuwa uku ake yi masa: resista mai 10Ω zuwa 100Ω a jere da shi, wadda ke rage kaifin kunnawa da kashewa har harbin kansa ya ragu, resista mai 10kΩ zuwa 100kΩ daga get zuwa sos, domin kada ya yi lilo lokacin da ake dawo da wuta kafin na'urar sarrafawa ta farka, da Zener mai 15V daga get zuwa sos, zobe a ɓangaren get. A transista irin BC547, tsakanin bes, wato ƙafar umarninta, da emita ba ya jure wutar juye da ta wuce 6V, don haka idan umarnin daga nesa yake zuwa, 1N4148 daga emita zuwa bes, zobe a ɓangaren bes, ya wadatar.

Idan wayar umarni ta fita daga gini, misali wadda ta hau zuwa makunnin da ke yawo a cikin tankin ruwa a saman rufi, kada a shigar da ita kai tsaye cikin bes ko get. A daminar Legas, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, tsawar da ta faɗa nesa ma tana iya cusa harbi cikin doguwar waya. A raba ɓangarorin biyu da PC817, wanda ke miƙa umarni ta hanyar haske.

Mataki na shida: ɓangaren 230V

Dayod ba ya aiki a wutar gida, domin tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ga koyil ɗin kontakta ko ƙaramar motar da rile ko tirayak, wato makunnin lantarki na wutar gida, ke kunnawa, ana amfani da resista da kapasita a jere, galibi 100Ω da 100nF. Kapasitar dole ta zama mai tambarin X2 da 275V na wutar gida, ba ƙaramar da aka ciro daga tsohon rediyo ba. Ana iya haɗa su a bakunan rile ko a gefe da gefe da kayan da ake kunnawa, amma akwai abin lura: kapasita mai 100nF tana barin kusan 7mA ta wuce a 230V, don haka idan tana bakunan rile, ƙwan LED zai riƙa walƙiya ko da an kashe, kuma mai gyaran da ya taɓa wayar da ya ɗauka matacciya ce zai ji a jikinsa. Inda hali ya yi, a jikin kayan ya fi.

A bakin shigowar wutar gida kuma ana saka barista, wato faifan nan mai launin shuɗi. 14D471K yana jure 300V na wutar gida a kullum, kuma yana fara sha ne a kusan 470V, alhali ƙololuwar 230V kusan 325V ce. Shi ma fiyus ya zo kafinsa, kuma a ba shi tazara daga robobi, domin yana tsufa da kowane harbi kuma idan zai mutu da zafi yake mutuwa. Wanda ya tsage ko ya yi baƙi a gefe a cire shi. Barista ba zai ceci allo ba idan wayar nutural ta tsinke a layi wutar gida ta doshi 400V ta zauna. Wannan aikin na'urar da ke yanke wuta ce idan ta hau fiye da kima. Tsawar da ta sauka kai tsaye a kan gini kuwa, sai sandar tsawa da ingantacciyar wayar ƙasa.

Mataki na bakwai: gwaji

A cire wuta, a sauke cajin manyan kapasitoci, sannan a auna dayod ɗin kariya da mita a ma'aunin dayod bayan an ɗaga ƙafarsa ɗaya daga allo, domin koyil ɗin da ke gefensa zai ɓata karatun. Na silikon zai nuna 0.5V zuwa 0.7V ta fuska ɗaya, Schottky ƙasa da haka, kuma ta ɗaya fuskar babu komai. Idan MOSFET ce ta mutu, a duba resistar get da abin da ke tuƙa ta, domin sau da yawa takan tafi da su. A inbata, inda ake jera su da yawa a layi ɗaya, a sauya dukkan layin da iri ɗaya. A duba dalmar ƙafafun dayod da kyau, domin danshin Legas da iskar gishiri a unguwannin da ke kusa da ruwa suna cin haɗi, kuma dayod ɗin da ƙafarsa ta saki daidai yake da babu.

A kunnawar farko a saka ƙwan mota a jere da fositif, ko ƙwan fitila mai zare a jere da layin 230V, ta yadda idan akwai kuskure ƙwan ne zai haska maimakon allon ya ƙone. Wanda ke da osiloskop, na'urar da ke zana siffar wuta a fuskarta, ya ɗora tsinken a kan kolekta, a matsayin ninki goma, ya kashe rile yana kallo: da dayod kaɗai layin zai ɗan haura wutar batir da ƙasa da 1V ya koma, da Zener kuma zai tsaya a lambar da aka lissafa. Idan an ga siririn tsini yana wuce haka, wayoyin sun yi tsawo, a gajarta su a matso da dayod da kapasita kusa da transista. Ba a haɗa wayar ƙasan osiloskop da ɓangaren 230V. Daga nan a cire ƙwan, a haɗa ainihin kayan da allon zai tuƙa, a kunna a kashe sau da yawa a jere, a taɓa transista da dayod na ɓangaren batir a ji zafinsu, sannan a maimaita gwajin a kan janareta tare da sauya layi, kafin a rufe akwatin a miƙa wa mai shi.